Ranar da Wasayi Ta Ƙi Sa wa Ƙanwarta Awarwaro

Yarinya, rubuta sunanta cikakke, Allah Wasayi, ko da yake a garinmu da ƙauyukan da suka bi bakin magudanar ruwa har titin birnin Multan ba mai kiranta haka. Yara su ce Masi Wasayi, wato inna, sa'o'inta su ce Adi Wasayi, wato yaya, maza kuwa in zancenta ya zo sai su ce mai awarwaro. Doguwa ce, ba tsoka, ƙafa duk kaushi. Shekara arba'in da ɗoriya tana yawo da kwando a ka, cike da awarwaron gilashi, ja da kore da ruwan zuma, kowane dozin biyu a zure a jikin naɗaɗɗiyar takarda. Ƙauye tara take zagawa, kuma a ƙafa. Ko mai amalanke ya tsaya mata ba ta hawa, wai girgiza tana fasa mata kaya.

A gidan miji ta sami sana'ar. Uwar mijinta, wata tsohuwa mai zafin baki, ita ta koya mata, kuma abu uku ta ɗora ta a kai. Na farko, kada ta taɓa hannun macen da ta taso daga aiki, don hannun yana kumbure yana da tauri, gilashi zai fashe ya yanke ta. Sai ta zauna, ta sha ruwa, a yi hira, gumi ya bushe. Na biyu, in ta kama wuyan hannu ta karanta Fatiha a zuci kafin ta fara murzawa, don albarka, kuma don hannun ya saki. Na uku, bakin mai awarwaro ba ya faɗin komai sai alheri. Tsohuwar ta ce mata, "Ko me kika gani a jikin mace, ki ce Allah ya ja kwanan maigida, ki karɓi abinki ki fito." Don a wurinmu ba a barin hannun matar aure tsirara. Sai ran da miji ya rasu ake fasa mata awarwaro.

To Wasayi mace ce da hannunta ba ya zama. In ta riƙe wuyan hannun mace da dama tana karatunta, sai babban yatsanta na hagu ya riƙa tura awarwaro ɗaya ɗaya a jikin takarda, yana bin bugun jijiyar da take ji. Ba da niyyar komai ba, wasa ne kawai. Da shekaru suka tafi sai ta lura, yawancin mata in ta shafa Fatiha akwai sauran biyu ko uku a cikin dozin biyun nan. Nata hannun kuwa, in ta gwada, har shida suke ragewa. Amma akwai waɗansu matan da dozin biyu ke ƙarewa ba ta kai amin ba. Suna zaune, ba zazzaɓi, ba ciki, ba tsoro, suna ta dariya, amma zuciyar tana sauri kamar an biyo ta.

Kundan matar mai niƙa ce ta fara sa ta tunani. Mace ce ƙosassa, mai fara'a, kowace salla dozin biyu sai ya ƙare ba a kai amin ba. Shekara biyar ana haka, sai Kundan ta fara shan ruwa ba ƙoshi, tana rama. Ƙaya ta soke ta a dunduniya, abin da bai kai ƙwayar gero ba, ya ƙi warkewa. A birni aka ce ciwon suga ne, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Bayanta sai wata a ƙauyen gaba, ita ido ya tafi. Sai wata kuma. Wasayi ba ta iya karanta baƙi ko ɗaya ba, amma ba ta manta hannu. Ta zauna ta tuno masu saurin nan, ta ga fiye da rabinsu ciwon ya kama daga baya. Cikin masu bugu a hankali ma akwai wadda ya kama, amma jefi-jefi.

Ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta Karam Din, mutum mai awaki da ƙarancin magana. Ya ce, "Ke likita ce?"

Ta ce, "A'a."

"To ki sayar da gilashinki."

Ta kuwa yi shiru, shekara da shekaru. Har abin ya zo kan Manzuran.

Manzuran ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha ɗaya tsakaninsu. Uwarsu ta rasu Manzuran tana rarrafe, Wasayi ce ta goya ta. Ta yi sa'ar miji, Faiz, mai ɓaunar tatsa bakwai da kantin takin zamani. Da arziki ya zauna sai ya sa mata famfo a tsakar gida, ya sayo injin kaɗa nono, ya sayo babur mai ƙafa uku, ko gidan biki za ta sai a kai ta. Manzuran ta zauna a gadon igiya ƙarƙashin mangwaro, shayi sau biyar a yini, kowane kofi da dunƙulen mazarƙwaila. Ta yi ƙiba, ta yi haske, mata suna cewa ga wadda miji ya iya riƙo.

Shekarar farko da Wasayi ta lura, dozin biyu ya ƙare daidai da amin. Ta ce wa ranta ƙila zafi ne. Shekara ta biyu ya riga amin. Ran nan ta jira matan gidan suka tashi, ta matsa kusa.

"Manzuran, zuciyarki tana gudu."

"To ki kamo ta mana, ke da kika saba tafiya."

"Ba wasa nake ba. Haka ta Kundan ta riƙa yi. Ki sa Faiz ya kai ki a duba jininki."

Manzuran ta yi dariya har gadon yana ƙara. Ta ce, "Adi, ke kin bushe kamar karan auduga, shi ya sa duk mai tsoka mara lafiya ce a idonki. Ina ne ke mini ciwo? Kai? Ciki? Ungo alewa ki ci, ko iska ta daina ɗaukarki."

Sau uku tana yi mata maganar a ɓoye cikin shekarar nan, sau uku ana mayar da ita raha.

Sai bikin Sarwar ya zo, babban ɗan Manzuran. Ana jibi ɗaurin aure, da la'asar, mata suka cika tsakar gida don lalle da awarwaro. Kakarki tana wurin, ita ta ba ni wannan. Uwar ango ake fara sa wa. Manzuran ta zauna, ta sha ruwa, aka yi ta tsokanarta ana cewa ta fi amarya kyau. Wasayi ta cire mata tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, hannu biyu suka zama tsirara. Ta kama na dama, ta fara karatu. Dozin biyu ya ƙare, da sauran aya guda cur.

Ta daɗe riƙe da hannun. Hannun da ta wanke da kanta yana ƙarami. Ta tuna yadda Kundan take jan jiki zuwa bakin ƙofa don ta ga mutane. Sai ta saki, ta mayar da kayanta, ta rufe kwando da zane.

Manzuran ta ce, "Jan nake so, Adi, mai ɗigon zinariya."

"Ba zan sa miki ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan sa miki ba sai kin je an duba jininki. Na faɗa miki a ɗaka kin yi dariya. Yau ga shi a tsakar gida."

Wata tsohuwa daga dangin Faiz ta tofa a ƙasa ta ce, "A'uzubillahi. Ta tuɓe ta ta bar ta haka. Mutuwar wa take kira?"

Manzuran ta ja mayafi ta rufe hannuwanta. Ta ce, "A bikin ɗana, Adi?"

"Shi ne ranar da za ki ji."

"Baƙin ciki ne. Tun da aka sa famfon nan fuskarki ta canja."

Wasayi ta ɗauki kwandonta ta fita, ba wadda ta raka ta. Kafin magariba an aika birni an sayo na kanti, aka zura wa uwar ango da sabulu, uku suka fashe. Aka yi biki aka gama, ba a aika wa gidan Karam Din ko loma ɗaya ba.

Labari ya riga ta zuwa ƙauyuka tara. Ba a ce ta ce a duba jini ba, cewa aka yi ta tuɓe matar aure ta yi wa miji fatan mutuwa. Inda take sallama a ce shigo Masi, sai yarinya ta leƙo ta ce ba kowa. Bibi, uwargidan mai gonakin da rabin gari ke noma masa, ta aiko cewa kada ta ƙara tako ƙofarta. Da Bibi ta rufe, gidajen manomanta duk suka rufe. Wasayi ta riƙa fita da safe ta dawo da kwando yadda ta ɗauke shi.

Karam Din yana ba awaki ganye ya ce, "Na ce ki sayar da gilashinki."

"Ka ce."

"To?"

"To ba ƙanwarka ba ce."

Ya ce, "Akwai gurasa a rufe, ki ci."

Faiz mutum ne mai son girma, ba mugu ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, a teburin mai shayi sai wani ya ce, "Faiz, kana nan da rai ashe?" a bushe da dariya. Ran nan ya buga tebur ya rantse a gaban mutane cewa zai kai matarsa birni, kuma in takarda ta fito babu ciwo, mai awarwaro sai ta ajiye mayafinta a ƙafar Manzuran a gaban matan da ta kunyata ta. Daga nan ya zarce ƙofar Wasayi ya maimaita mata.

"Kin ji, Adi? A gaban kowa."

Kin san nauyin abin. Babba ta cire mayafi ta sa a ƙafar ƙarama, ƙanwar da ta goya. Akwai matan da za su zaɓi barin gari. Wasayi ta ce, "Na ji. Yaushe za mu?"

"Mu? Har da ke?"

"Ai gara in ji da kunnena, kada ka ce na yi musu."

Ya sa ranar Litinin ta sama, kwana takwas ke nan. A kwanakin nan Manzuran ta yi wata dabara. Ta daina shayi, ta daina alewa, kullum da sassafe ta daka garahuni ta matse ta shanye tana yamutsa fuska. Wai in an je jinin zai fito da ɗaci.

Ran Litinin suka tafi a babur ɗin Faiz, 'yan'uwa biyu a baya, kowacce tana kallon nata gefen titi. Ranar ce kaɗai aka ga Wasayi a kan abin hawa ba biki ba mutuwa. Aka ɗebi jini da safe, aka ce su dawo bayan azahar. Ɗakin likitar na mata ne, Faiz ya tsaya a waje ƙarƙashin darbejiya.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Sarwar ba. Ta dubi takarda ta dubi Manzuran ta ce, "Masi, kwana nawa kika yi kina gudun zaƙi?"

Manzuran ta sunkuyar da kai.

"Kowa haka yake mana. Shi ya sa na sa aka yi gwajin da ke ba da labarin wata uku, ba na jiya da shekaranjiya ba. Ciwon suga bai kama ki ba. Amma kina bakin ƙofarsa, kin ma ɗaga ƙafa ɗaya. In kika ci gaba yadda kike, ina jin tsoron 'yan shekaru kaɗan ne. In kika rage nauyin nan, kika rage zaƙi, kika yi tafiyar awa guda kullum, da yawa suna juyawa daga nan. Me ya kawo ki? Ba a cika zuwa mana da wuri haka ba."

Manzuran ta nuna yayarta da haɓa. "Ita ce. Wai zuciyata tana gudu."

Likita ta ce a nuna mata. Wasayi ba ta rabuwa da naɗi guda a ƙugunta. Ta ciro, ta kama hannun ƙanwarta, ta yi abinta, likita kuma ta kama ɗaya hannun tana kallon agogo. Ta ce, "Casa'in da huɗu a minti. Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa, 'yata. Hannuna ne ba ya zama."

Likitar ta ajiye alƙalami. Ta ce, "Ki ji da kyau, Masi, don kada ki tsorata mutane. Saurin bugu ba shi ne ciwon ba. Zazzaɓi yana kawo shi, ƙarancin jini, maƙoƙo, fargaba, har shayi mai yawa. Kuma akwai mai ciwon da bugunsa lafiya lau. Jini ne kaɗai ke faɗin gaskiya. Amma mutumin da yake zaune ƙalau, shekara da shekaru zuciyarsa tana sauri, ya fi kusa da ciwon nan a kan wanda tasa ke tafiya a hankali. An bi dubban mutane kafin a gane haka."

Wasayi ta ce, "Ni ƙauye tara ne kawai."

Suna fitowa Faiz ya taso da sauri. Mutanen garinmu biyu da suka kawo mara lafiya suna tsaye kusa da shi, sun baza kunne.

"Akwai ko babu?"

Manzuran ta dubi mijinta, ta dubi mutanen nan biyu. Ta san rantsuwar da ya yi a teburin mai shayi. Ta ce, "Babu."

"Alhamdu lillahi. Kun ji ko? Adi, ke ma kin ji?"

Kalma biyu Wasayi za ta faɗa ta wanke kanta, ga likita a bayan labule. Ta dubi Manzuran, ta ga idonta ya ciko, irin kallon da take mata tana yarinya in ta fasa tulu. Sai ta ce a ranta, me na zo nema? Na zo ne a duba ta, an duba. Ta ji da kunnenta, ba za ta iya cewa ba ta ji ba. In na tona ta yanzu, za ta tsani maganar har da mai maganar.

Ta ce, "Na ji. Babu. Allah ya sa ya ɗore."

Ran Juma'a da hantsi mata suka taru a tsakar gidan Faiz, har da waɗanda ba su zo bikin ba. Wasayi ta zo da wankakkun kaya. Ba ta yi jinkiri ba, ba ta yi kuka ba. Ta zare mayafinta, furfura a waje, ta ninke shi biyu ta ajiye a ƙafar Manzuran. Ta ce, "Na bar hannunki tsirara a bikin ɗanki, ban kyauta ba. Ki yafe mini. Allah ya ja kwanan maigida." Kakarki ta ce wadda aka ba haƙurin ce kunya ta rufe, ba mai bayarwa ba. Manzuran ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki mayafin ta miƙa mata, ta shige ɗaka.

Ƙofofi kaɗan suka buɗe bayan haka, yawanci suna nan a rufe. An ce ta yi ƙarya an kama ta. Wasayi ta ci gaba da fita kullum. Abin da ke cinta ba ƙofofin ba ne. Takan bi ta bayan katangar Faiz ta saurara, ko za ta ji ƙarar gadon igiya da cokali a kofi.

Kwana goma sha biyu bayan nan, gari ya waye tana naɗa gammo, sai ta ji ana haki a ƙofa. Manzuran ce, a ƙafa, da takalmin roba sabo, tana dafe da bango.

"Daga gida kika taho haka?"

"A'a, jirgi ne ya sauke ni. Ba ni ruwa."

Ta sha, ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Yarinyar nan ta ce awa guda kullum. Na gwada zagaya tsakar gida, surukata tana leƙena ta taga kamar na haukace. In na fita titi ba dalili za a ce Faiz ya kore ni. Amma in ina rakiyar yayata da ta tsufa, kwando ya fi ƙarfinta, ba mai cewa komai."

"Wa ya tsufa?"

"Ke mana. Dubi wuyanki."

"Shi Faiz ɗin ya sani?"

"Na gaya masa duka. Ya yi kwana biyu ba ya cin abinci. Yanzu kunyarki yake ji, in ya hango ki sai ya canja hanya."

"Ki ce masa ya bari, hanyar garin nan guda biyu ce."

Wasayi ta raba kayan gida biyu, ta ba ta ƙaramin kwando. Ranar ko ƙauye ɗaya ba su kai ba. Manzuran ta zauna sau huɗu a bakin magudana, tana zagin rana, tana zagin takalmi, tana zagin wanda ya fara yin gilashi. Wasayi tana tsaye tana jira. Da suka wuce mai rake Manzuran ta rage tafiya, yayarta ta ce, "Ido gaba." Washegari ba ta zo ba, ƙafa ta kumbura. Jibi ta zo.

Wajen wata biyu suna haka, sai wata safiya Manzuran ta karkata zuwa babbar ƙofar Bibi.

"Ba a shiga nan," in ji Wasayi.

"Ke aka hana. Ni matar Faiz ce, ko takinsu a wurinmu suke saya. Biyo ni."

Bibi tana zaune da 'ya'yanta da matan manoma suna tsince shinkafa. Ta ga matar mai ɓaunar tatsa bakwai da kwando a ka, ta bi ta da kallo. Manzuran ta sauke, ta gaishe ta, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

Ta ce, "Bibi, na zo in gyara wata magana. Ran da aka tambaye ni a birni na ce babu. Rabin magana na faɗa. Likita cewa ta yi ina bakin ƙofa, da na ƙara shekara biyu a kan gadon nan da na shiga. Adi tana tsaye aka faɗa. Ta ji, ta yi shiru, ta zo ta sa mayafinta a ƙafata don kada mijina ya ji kunya. Ni ce ya kamata in sa nawa a tata."

Bibi ta dubi Wasayi da ke tsaye a bakin zaure. "Haka ne?"

"Ni dai abin da na sani, ban kyauta ba da na bar ta ba awarwaro."

"Ba shi na tambaye ki ba." Bibi ta ture tiren shinkafa gefe. Ta naɗe hannun riga ta miƙo hannu. "Zo ki ji nawa."

"Sai kin huta tukuna, Bibi, yanzu kika gama faɗa da masu aiki, tun daga waje nake ji. Kuma ko me na ji, ni ba likita ba ce. Iyakata in ce je ki a duba."

Matan suka yi dariya, Bibi ma ta yi. Aka kawo ruwa.

Daga ranar sana'arta ta zama biyu. Tana sa awarwaro tana fatan alheri kamar da, amma in mace ta ce, "Masi, ya kika ji?" sai ta faɗa mata a kunne. Ba ta ƙara yi wa kowa a gaban mutane ba, ta ce sau ɗaya ya isa. Wasu sun je birni an ce ba komai, suka dawo suna mata tsiya, ta ce to madalla. Wata ƙarancin jini aka samu. Wasu kuwa an tarar ciwon ya riga ya shiga, aka ɗora su a kan magani tun ƙafa da ido suna nan. Akwai gidajen da ba su sake buɗe mata ba har ta bar duniya, ba ta taɓa zancensu ba.

Shekara tara suka yi suna yawo tare, suna faɗa a hanya kamar yara. Da gwiwa ta kayar da Wasayi, Manzuran ta ci gaba da ƙauye huɗu ita kaɗai, ba don tana bukata ba. Ita ta yi jinyarta, ita ta wanke ta. Faiz ne ya shiga kabari ya karɓe ta.

Manzuran tana nan, ta haura saba'in. Duk wata shida takan je birni a ɗebi jini. Shekara uku da suka wuce aka ba ta ƙwaya guda ta safe, ita ke nan. Shekaranjiya na gan ta a bakin magudana tana korar akuyar wani daga gonar Sarwar, da gudunta. Kuma har yau ita take zura wa kanta zare a allura.